Taliyar Soba Da Darasin Da Na Koya A Nagano

Lokacin da na bi maigida Nagano, wani yanki mai tsaunuka a tsakiyar Japan, sai da na yi mako biyu ban leƙa gidan kowa ba. Kunya da rashin jin yarensu suka sa na kulle kaina a ɗaki.

Rannan sai tsohuwar da ke gidan kusa da mu ta gayyace mu cin soba, taliyar da Nagano ta yi suna da ita. Siririya ce, launinta kamar toka. Ana yin ta da garin wata tsaba mai kusurwa uku wadda ba ta cikin dangin alkama, tana yi a ƙasa marar ƙarfi, kuma ba ta kai wata uku take nuna. Sau da yawa kashi 8 na garinta ake haɗawa da kashi 2 na fulawa don kada ta tsintsinke. Tun kafin mu je maigida ya roƙa kada a sa mirin a romon, domin akwai giya a cikinsa. Ta kuwa kiyaye.

Muna ci tana bayani, maigida yana fassara mini. Soba sunan shukar ne, taliyar kuma a da soba-kiri ake ce mata, wato yankakkiyar soba. Sannan a Japananci akwai wata kalmar soba mai nufin "kusa da". Shi ya sa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, wanda ya tare a sabon gida a birnin da yau ake kira Tokyo yakan raba wa maƙwabta taliyar: gidaje uku na gabansa da biyu na gefe. Ma'anarsa, ga ni na zo kusa da ku. Yanzu al'adar ta ja baya, sai tawul ko kayan zaƙi.

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Ni da nake karantar da yara haƙƙin maƙwabci a Islamiyya, ashe ni ya kamata in fara ƙwanƙwasa ƙofa. Washegari na soya cincin, na bi gidajen nan biyar ɗaya bayan ɗaya.

'Yar uwa, ke fa, yaushe rabonki da shiga gidan maƙwabciyarki?