Gizo Ba Ya Kwana A Kurkuku

A adabinmu na baka babu wanda ya sha ɗauri kamar Gizo, babu kuma wanda ya sha kuɓuta kamarsa. Dalili kuwa shi ne Gizo na kowa ne, in wannan baki ya ɗaure shi, wancan ya kwance shi.

Ni a Ƙauran Namoda na tashi, kuma a gidanmu bayan sallar lisha mukan yi tatsuniyar karɓa-karɓa. Gwaggo ke farawa, ta jefa Gizo a kurkukun sarki, sa'an nan ta yi shiru. Tilas na kusa da ita ya fid da shi, amma bisa sharaɗi biyu: da dabara zai fita ba da ƙarfi ba, kuma kada ya koma duniyar da ya baro. Yayana yakan cusa shi cikin buhun gyaɗa a taragon jirgin ƙasa, da yake layin dogo ya iso garinmu tun 1929, ya sauke shi a birnin aljannu. Can ma a kama shi. 'Yar kawunmu ta Shinkafi sai ta ɓullo da shi a wata kasuwar Alhamis ta ƙarƙashin ruwa, yana ciniki da kifaye da tsamin bakin nan nasa.

Ba mu muka fara wannan haɗin gwiwa ba. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 daga bakuna da alƙaluma masu yawa suka fito. Takwaran Gizo ma na ƙasar Asante, wato Ananse, tare da bayi ya ƙetare teku, ya ci gaba da dabarunsa a Jamaika.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kurkukun ya sake kama. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasarmu, har aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya a 2021, dandali ya mutu a ƙauyuka da dama. Na zauna da 'ya'yan wata ƙanwata da suka yi gudun hijira daga wani ƙauyen Zurmi, na koya musu wasan. Ba su kai Gizo gidan sarki ba, daji suka kai shi, aka ɗaure shi a gindin itace. Da layi ya zo kan ƙaramarsu sai ta ce, "Kawu, ba shi fita sai Ƙoƙi ta sai da gona." Jikina ya yi sanyi. Sai da muka yi dare uku kafin ta yarda ta sulale da shi ta ramin gara.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu ku zauna da ƙannenku, ku rubuto mana tatsuniyoyinsu yadda suka faɗa, kada ku gyara. Amma kada a tashi hira Gizo na ɗaure, domin yaron da ya daina laluben ƙofa a tatsuniya, da wuya ya lalube ta in ya girma. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, amin.