Neman Naman Kaza a Kurmin Vina

Idan damina ta kankama a tudun Adamawa, kurmin bakin kogin Vina, kudu da Ngaundare, yakan cika da naman kaza. Da sassafe muke shiga, kafin rana ta sa ya yi yaushi. Mafi daraja a gindin suri yake tsirowa, domin gara ce ke nomansa cikin gidanta. Saiwarsa doguwa ce, sai an tona a hankali.

Mukan durƙusa cikin raɓa mu ɗauki hoton ƙarƙashin laimarsa, don a nan ake rarrabe iri. Akwai wani fari kyakkyawa wanda ƙarƙashinsa ke komawa kore-kore in ya tsufa. Amai da gudawa yake sawa. Shi kam hotonsa kaɗai muke kaiwa gida. Sauran ma, sai matan ƙauyen sun shaida su kafin su shiga tukunya.