Kuɗin Kitso

Daren da Autarmu ta gama idda, wajen ƙarshen shekarar 2024, muna zaune a tsakar gida bayan sallar lisha, 'ya'yanta biyu sun yi barci a kan tabarma ɗaya da nawa, sai ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya, kitso zai riƙe ni?" Na yi shiru. Ba don ban ji ba, sai don na san idan na ce i, gobe da safe za ta fara neman ɗakin haya, idan kuwa na ce a'a, to na tura ta ke nan ga wani dattijo da tun idda ba ta cika ba ake ta kawo mana zancensa a kaikaice, wanda ita kuma ko sunansa ba ta son ji. Da ƙyar na ce mata ta ba ni wata uku.

Mai karatu, dalilin da ya sa Auta ta kawo wannan tambaya gare ni shi ne, mu duka biyun a gindin Gwaggonmu muka tashi, ita kuwa Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ita ce makitsiyar unguwarmu a cikin birnin Kano sama da shekara talatin. Har yanzu in na rufe ido ina ganinta zaune a kan 'yar kujera a bakin ɗakinta, ta shimfiɗa tsohon zane a cinya, mace ta kwantar da kai a kai, ga tsinken kitso soke a ɗankwalinta, ga gwangwanin man shanu a gefe, ga ƙwaryar karkashi an jiƙa don wadda ta zo da kai ba wanki. Shuku, kalaba, zane, kai har doka irin ta mutanen dā, wadda a lokacin ma sai tsofaffi ke nema, babu wanda hannunta bai iya ba. Tana yi tana hira, tana faɗa da yara, tana ba amarya shawara a kunne. Babu sirrin gidan da bai bi ta kan cinyar nan ba, kuma ban taɓa jin ya fita ba. A hannunta Auta ta koya, ni kuwa Allah bai ba ni haƙurin ba, sai aka ce in je in yi boko.

To, a wurinmu Gwaggo mai kuɗi ce. Da kuɗin kitso take zuba adashi biyu, da shi ta sayi awaki ta ba da kiwo a ƙauye, da shi ta tara wa 'ya'yanta mata uku kwanuka da gado da katifa, ba ta roƙi kowa ba. Saboda haka da Auta ta yi mini tambayar nan, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce, "Ai kin ga Gwaggo." Allah ya taimake ni ban faɗa ba, domin da na kwanta ina juya maganar sai na tuna abin da ban taɓa lura da shi ba ina yarinya: Gwaggo ba ta taɓa biyan kuɗin haya ba. Ba ta taɓa auno gero ko dawa da kuɗinta ba, sai dai in ta ga dama ta ƙara wa miya nama. Ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna wuyan Malam, kamar yadda addini ya ɗora masa, abin da ta samu da yatsunta kuwa nata ne ita kaɗai. Ashe arzikin Gwaggo a kan rumbun mijinta yake zaune.

Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ina tunani a kai. Farashin kitso a ƙasar Hausa ba a yanka shi don mace ta biya haya da shi ba. Matan aure ne suka yanka shi tsakaninsu a cikin gidaje, mai yi ba ta da nauyin kowa, mai biya kuma daga ɗan abin da maigida ya miƙa mata da sunan kuɗin kitso take biya, ko daga rarar cefane. Don haka har gobe idan makitsiya ta ƙara naira ɗari biyu sai ka ji ana cewa ta cika son kuɗi, alhali kuwa matar da ke faɗin haka ba ta yi gardama da mai shinkafa ba da kwano ya ninka. Kuma in ta matsa, akwai wata maƙwabciya a lungu na gaba, wadda mijinta ya sauke mata komai, da za ta yi shi a rabin kuɗin don dai ta sami na anko. Da irin waɗannan Auta za ta yi gasa, ita da ke son fitar da hayar ɗaki da kuɗin makarantar yara daga cikin tsinke ɗaya.

Washegari na yago mata takardu daga wani tsohon littafin rubutu na ce ta riƙa rubuta duk kan da ta taɓa da abin da ya shigo hannunta. Kafin ta fara sai da muka yi lissafin dokin rano, mu biyu muna murna. Tana karɓar naira 1,000 a kan babba, 500 a kan yarinya. In ta yi kai huɗu na manya a rana, kwana 25 a wata, naira 100,000 ke nan, watau ta wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024. Auta har da tafi. Ta ce, "Yaya, ashe na fi ma'aikacin gwamnati!"

Da wata ya ƙare muka buɗe takardun. Kai 58 ta yi. Tara daga ciki na dangi ne, waɗanda ba a karɓar kuɗinsu, kuma da kunya nake faɗi, biyu nawa ne, uku na 'ya'yana. Saura 49, manya 27, yara 22, kuɗinsu ya kama naira 38,000. A cikin wannan ma akwai 6,500 da ke bakin masu cewa "zan aiko yaro", yaron da har yau bai iso ba. Abin da ya shiga hannunta 31,500 ne, ba a cire kuɗin mai da sabulu da katin waya ba. Muka dubi juna, babu wadda ta yi tafi.

Ba lalaci ne ya jawo haka ba. Kitso ba tuwo ba ne da za a tuƙa da yawa a tukunya ɗaya. Kai ɗaya ake yi, kuma ƙananan kitso a kan mai yalwar gashi yakan cinye awa uku, wani lokaci da tsifa da wanki a kai, duk a kuɗi ɗaya. Sannan mutane ba sa zuwa a jere kamar layin asibiti. Ranar Talata sai ta wuni tana kallon ƙofa, ranar Alhamis da Juma'a kuwa, saboda bukukuwa, mata biyar su zo lokaci ɗaya, biyu su gaji da jira su tafi wani wuri. Shekarar ma haka take. A azumin 2025, kwana ashirin na farko kusan ba ta taɓa kan kowa ba sai na 'yan makaranta, domin wa ke ta kitso ana fama da abin buɗa baki? Amma a satin ƙaramar Sallah sai da ta riƙa kaiwa ƙarfe biyun dare da fitila a ɗaure a goshi, ta sami abin da ya fi na wancan watan gaba ɗaya. Ranar Sallah kuwa ko hannu ba ta iya ɗagawa, ni na yi wa 'ya'yanta wanka.

A nan ne na sake tuno Gwaggo. Shekarunta na ƙarshe yatsunta sun ƙage, ba ta iya ɗaura zane sai an taya ta, bayanta ya ranƙwafa, idonta kuma ba ya raba gashi. Ranar da ta ajiye tsinke, ranar kuɗi ya daina shigowa. Makitsiya ba ta da hutun rashin lafiya, ba ta da fansho. In zazzaɓi ya kwantar da ita sati guda, satin nan ya tafi, wataƙila har da wasu daga cikin masu zuwa. Gwaggo ta tsira ne domin tana da 'ya'ya maza da suka ɗauke ta.

Auta ta ce to ai matsalar zaman gida ne, in ta kama shago a bakin titi farashi zai canza. Gaskiya ne, matar da ke jayayya a kan dubu ɗaya a tsakar gida takan biya ninkin haka a shago ba ta ce uffan ba, don ta ga madubi da kujera mai juyawa. Sai muka je wurin wata ƙawata da ta shekara goma tana da shagon gyaran gashi, na roƙe ta kada ta ɓoye mana komai. Ta ce hayar shago ta shekara ake biya gaba ɗaya, kafin ki taɓa kan kowa. Ta nuna mana injin busar da gashi ta ce wannan ba ya aiki da addu'a, sai wuta, wuta kuwa sai ta ga dama, saboda haka janareto ne abokin aikinta. Kowa dai ya san abin da ya faru da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu. Gabanin haka, a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya haddasa, ta ce mata sun yi ta ɗaura ɗankwali a kan tsohon kitso, kuma a dokar kulle ta 2020 shagon a rufe ya yi makonni, hayar kuwa tana ta tafiya. Daga nan ta rage murya ta ce, "Ni fa ba kitso ne ke biyan hayar nan ba. Amare ne." Watau dilka da halawa da ƙunshi da kwalliyar ranar biki, da mayukan da take sarowa a Sabon Gari tana sayarwa, da kuma yara uku masu koyon aiki da ke yin kitson ita tana karɓar kuɗin. Kitso, in ji ta, shi ke jawo mace ta shigo, kuɗin kuwa a wani wuri yake.

Akwai kuma wani abu da ba ya shiga takardar lissafi. Ko da kuɗin ya isa, wa zai ba Auta ɗaki? Mun gwada wuri biyu, duk tambaya ɗaya dillali ya fara yi: "Ina maigidan?" Da muka ce babu, sai fuska ta sauya. Ai harshen namu ma bai bar mata hanya ba. Namiji in ya kama wurinsa sai a ce ya zama mutum, ya riƙe kansa, amma a ce mace "mai zaman kanta" ce, kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi, kuma ba yabo ba ne. Babban wanmu da ya ji muna yawon neman ɗaki sai da ya yi sati bai amsa gaisuwata ba. Ban ce ba shi da dalilinsa ba, yana tsoron bakin duniya ne a kan ƙanwarsa, amma kuma ban ga ya kawo buhun masara ba.

Da wata ukun suka cika na gaya mata abin da na gani. Na ce kitso kaɗai zai ciyar da ita da yaranta, zai yi musu sabulu da kuɗin makarantar allo, muddin tana kwana a inda ba a biyan haya kuma lafiyarta ƙalau. Amma in aka ɗora masa ɗaki da wuta da asibiti, zai durƙushe tun ba a je ko'ina ba. Na ce in tana son ya ɗauki wannan kaya, sai ta ƙara masa ƙafa. Ba ta ji daɗi ba, ta yi kwana biyu tana amsa mini magana da ƙyar.

Abin da aka yi daga baya shi ne, ta koma ɗakin Inna a gidanmu na gado, inda babu mai tambayar ta ina maigida. Ta je wurin ƙawar nan tawa ta yi wata huɗu tana koyon dilka da zanen lalle, ta shiga adashi da kuɗin babbar Sallah, da ta kwasa ta sayi madubi da kujeru biyu ta gyara soron ciki. Ta daina ba da bashi, abin da ya jawo mata gaba da mata uku a layinmu, ɗaya ma 'yar uwarmu ce. Dattijon nan ya gaji da aike ya auri wata. Ban ce ta tsaya da ƙafafunta sarai ba, tunda rufin da ke kanta na Baba ne, kuma da ƙaramin ɗanta ya kwanta asibiti sai da muka yi karo-karo. Amma watan da ta yi amare biyu takan sami abin da ya fi albashina na koyarwa, watan da babu biki kuma takan zo in ranta mata kuɗin omo.

Ranar Alhamis da ta wuce na je ta yi mini shuku. Da ta gama na ciro naira dubu na ajiye a kan cinyarta, sai ta ture ta ce, "Haba Yaya, ni zan karɓi kuɗinki?" Na ce ta buɗe takardun nan ta duba kai tara na watan farko, ta gaya mini na wane ne. Ta yi dariya, ta ɗauke kuɗin ta soke a bakin zane, sannan ta ce ai tun bayan Sallah shuku ya koma dubu ɗaya da ɗari biyar.