Kyautar da Ake Saye da Shanu

A shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta kafa doka cewa maganin ciwon dajin mata, na mama da na mahaifa, ya zama kyauta a asibitocinta. Kafin nan an yafe kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Labari ya iso Arewa ta rediyo, jama'a suka ce madalla. Abin da rediyo bai tsaya ya bayyana ba shi ne, kyautar nan bashi ce: asibiti ya yi aiki, ya aika wa baitulmali lissafi, sa'an nan ya zauna jira. Jiran kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma asibitin da ba a biya ba, ma'ajiyar maganinsa takan bushe.

Wata malamar lakwal a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa ba ta dogara da dokar kaɗai ba. Mace ce mai lissafi, ta kuma ga yadda jinyar mahaifinta ta cinye musu gona. Saboda haka shekara shida tana zuba kuɗi kowane wata a wani asusun inshorar lafiya, don ya cike abin da gwamnati ta bari. Da ta ji ƙululu a mama ba ta ɓoye ba, ba ta kuma bi ta wurin boka ba, ko da yake dangi sun ba ta shawara. Daga Dogon Dutsi aka tura ta Doso, daga Doso sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 250.

Ta wani gefe ta taki sa'a. Sai a 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gasa ciwon da haske. Kafin nan mai bukatar wannan aiki sai ya tsallaka zuwa Maroko ko Tunisiya, in yana da hali ko yana da mai tsaya masa. Amma maganin da ake ɗura mata ta jijiya ba kullum ake samunsa a asibiti ba. Likita ya rubuta, mai gidanta ya sayo a farmasi. Ga kuɗin hoto, ga na mota, ga na masauki.

Ya tara rasit ɗin a cikin leda, ya kai ofishin asusun. Ma'aikacin ya karɓe shi da fara'a.

"Malam, sai haƙuri. Wannan ciwo gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Mu ba mu biyan abin da yake kyauta."

"Ranka ya daɗe, in kyauta ne, waɗannan takardu na mene ne?"

Zuwa na biyu aka ce ai bai nemi izini ba kafin ya sayi maganin, kamar ciwo yana jiran hatimi. Zuwa na uku aka kawo wadda ta fi ciwo: wai wataƙila cutar ta riga yarjejeniyar. Wa zai iya rantsuwa a kan ranar da daji ya fara tsira a jikin mutum? Duk waɗannan hujjoji suna nan a shafin ƙarshe na yarjejeniyar, cikin ƙananan baƙaƙen Faransanci da ita kanta mai koyar da harshen ba ta taɓa tsayawa a kansu ba.

Ba lalle ne a kira masu asusun ɓarayi ba. Ƙaramin asusu mai karɓar ƴan jikkuna a wata ba ya iya ɗaukar jinyar daji ko ta mutum biyu ba tare da ya durƙushe ba. Laifinsu shi ne sun san haka tun ranar da suka miƙa mata alƙalami, suka yi shiru.

Waɗanda suka biya ba su sa hannu a kowace takarda ba. Matan adashinta suka ba ta ɗauka kafin layinta ya zo. Malaman yankin suka zagaya da kwano ranar albashi. Yayanta ya kora bijimai biyu kasuwar Dutsi ana gab da damina, ya san sarai bana da hauya zai yi noma. Da ta ce masa, "Yaya, da me za ka yi huɗa?" sai ya ce ta sha maganinta kawai.

Ta koma aji da shigar lakwal. Takardun suna ofishin asusun, an ce ana dubawa, kuma ba a fasa karɓar zubinta na wata ba.