Waya ba kaye ba ce

Ina da ƙanwa a Maradi. Tana saida atamfa ta WhatsApp. Ta ɗauki hoto ta sa, masu so su aiko kuɗi ta waya, yaronta ya kai kaya tashar mota. Har Tawa da Yamai ana saye.

Bayan salla ta zo mini da kuka. An yi ciniki sosai, amma kuɗin saro sabon kaya ba su cika ba. Har ta ce yaron ne ɓarawo.

Na ce ta kawo lissafi. Sai ta miƙo mini waya. Muryoyi da hotuna ne kawai a ciki!

Muka zauna da kaye da bik. Turmi guda ta saro jikka 6, ta saida jikka 7. A ganinta riba jikka guda ce. To, kuɗin mota fa? Dala 100. Na cire kuɗi, da na intanet, da kabu-kabu zuwa tasha, dala 80. Saura dala 20. Amma jikka guda take ɗauka ta yi cefane. Ashe uwar kuɗi take ci.

Kai ma in wannan ce sana'arka, ja layi a kaye: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda kake bi bashi. Ka lura, dala 100 a baki, 500 ce a takarda. Wannan na rikita ɗalibaina kowace shekara.

Yanzu kullum bayan lisha take rubutawa. Ta je ta ba yaron haƙuri, amma har yau bai komo mata aiki ba.