Tsohon Hannu da Sabon Jini: Wata Gardama a Bakin Ruwan Yelwa

A Yelwa ta ƙasar Yawuri, idan kasuwar kifi ta watse, jiragen da suka fito daga gungunan tafkin Kainji suka ɗaure a gaɓa, akwai wata gardama da masunta da mahauta ba su gajiya da ita. Ita ce: da za a haɗa gwanin jiya da gwanin yau a fagen dambe, wa zai kashe wani? Kisa a nan, kamar yadda aka sani, shi ne kai abokin karawa ƙasa.

Dattawa Shago suke riƙewa, wanda Ɗan Anace ya waƙe. Samari kuwa sai su jero 'yan damben da suke kallo a waya. Dattijo ya ce, "Yaro, ba ka ga dambe ba." Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ai rabin damben nan makaɗi ya yi shi." Ko da yake maganar da ɗaci, ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin Shagon da ake kawowa bakin ruwa na cikin waƙa ne, wanda gwiwarsa ba ta ciwo, numfashinsa ba ya yankewa.

Da gardama ta yi zafi sai a tsallaka zuwa damben Turawa, inda ake ajiye shekaru a rubuce. Dattawa su kawo Kinshasa, 1974: Muhammad Ali yana da shekara 32, ya jingina da igiya ya bar George Foreman, ɗan shekara 25, ya yi ta duka har ya gaji, sa'an nan ya kwantar da shi a turmi na 8. Samari su ce to, a ƙarasa labarin mana. A 1980 wannan Ali ɗin, yana da shekara 38, ya sha wuya a hannun Larry Holmes, yaron da a da yake taya shi atisaye, har mai horar da shi ya tsayar da wasan bayan turmi na 10. Shi Holmes ɗin kuma a 1988, yana da shekara 38, Mike Tyson ɗan shekara 21 ya gama da shi a turmi na 4.

Amma fa hujjar Kinshasa ba ta zauna daidai a fagenmu ba. Dabarar Ali tana bukatar igiyar jingina da lokaci mai tsawo. Damben Hausa kuwa turmi uku ne, fili ne fetal, babu abin jingina. Abin da ya fi kama da namu shi ne na 1994, lokacin da Foreman, yana da shekara 45, alƙalai duka suna ganin an fi shi maki, ya sami Michael Moorer da hannun dama a turmi na 10, magana ta ƙare. Tsoho ba ya iya dogon gumurzu, amma nauyin hannu shi ne abu na ƙarshe da yake barin ɗan dambe, kuma hannu ɗaya ake naɗe wa kara. Nan ne dattawan Yelwa suke da ƙafar tsayawa, ko da yake ba kasafai suke tuna ta ba.

Turawa ma sun taɓa neman kashe irin wannan gardama da na'ura. A 1969 aka ɗauki fim ɗin Ali da Rocky Marciano, aka ce kwamfuta ta yanke hukunci. A Amurka aka nuna Marciano ya ci a turmi na 13. A Ingila aka nuna wani ƙarshen da Ali ya ci.

Mai lura zai ga cewa yawancin masu kare Shago su ne waɗanda suka san kogin Kwara kafin madatsar Kainji ta tare shi a 1968, ruwa ya ci gungu da fadama, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Da muryar da suke ba da labarin Shago, da ita suke ba da labarin giwan ruwan da ake kamawa a tsohon kogi, wanda sai ƙarti biyu suke ɗaukarsa. Saurayin da ya buɗe ido ya tarar da tafki bai ga wancan kogi ba, bai kuma ga wancan hannu ba, sai dai ya ce, "Haka ne, Baba," ya tashi ya duba injin jirginsa.