Maki Ukun Da Na Rubuta

Na san da yawanku ci gaban labarin da muke ciki kuka zo nema, to ku yi mini afuwa, wannan makon ba shi na kawo ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da shi ba alƙalamin ma ba zai ƙara tafiya daidai ba. Kuma ba ƙagaggen labari ba ne, da ni aka yi.

Mu nan Karaye ba garin ƙwallon kwando ba ne. Idan ka ji matasa sun kaure da musu a teburin mai shayi, to ko dai Arsenal da Chelsea ne, ko Barcelona da Madrid, ko kuwa Sai Masu Gida. Ni kaina ba don wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu a 1995 ba, da ban san ana neman abinci da jefa ƙwallo a kwando ba. Bayarabe ne, Musulmi, yana da wata mujalla ta Amurka da ta sha hannu har ta yi laushi, a bangonta akwai hoton wani dogon baƙin mutum. Ya ce mana sunansa Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yana yi wa ƙungiyar Houston Rockets wasa, kuma da azumi a bakinsa yake shiga fili. Mu da muke baje wa a gindin darbejiya tun azahar idan ana azumi, sai muka ɗauke shi tamkar wani waliyyi.

Labarin da ya fi zauna mini a rai cikin waɗanda malamin nan ya ba mu shi ne na kambun gwarzon shekara. A 1994 Hakeem aka bai wa, alhali ba shi ya fi kowa cin maki ba. David Robinson na San Antonio ne ya fi, domin a wasan ƙarshe na kakar sai da ya zuba maki 71 shi kaɗai don ya wuce Shaquille O'Neal. A 1995 kuma sai aka bai wa Robinson kambun, aka miƙa masa kofi a gaban idon Hakeem ana shirin fara wasa tsakaninsu. Hakeem bai tanka ba. Fili ya shiga ya wujijjiga mutumin nan a wasa shida, yana cin sama da maki 35 a kowane wasa idan aka raba daidai, suka fitar da San Antonio, suka je suka lallasa Orlando huɗu ba ko ɗaya. Tun daga nan na haddace cewa yawan maki daban, gwaninta daban, masu raba kyauta kuma mutane ne masu ido biyu irin namu. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin za ka ga inda haddar ta watsar da ni.

Babban ɗana, wanda muke ce wa Abba, shi ya ɗauko abin gadan-gadan. Ba dogo ba ne can, amma Allah ya ba shi hannu. A wayar salula yake kallon guntayen wasanni, don su NBA sai cikin dare suke yi a agogonmu, kuma sau biyu ya matsa mini na kai shi Ƙofar Mata ya ga Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba, duk da ta sha cin kofin ƙasa har ta zo ta uku a Afirka a birnin Alƙahira a 2016.

A watan Fabrairun 2023, lokacin nan da aka shiga wahalar takardun naira mutum yana da kuɗi a banki amma shayi sai bashi, muka yi wani musu da shi wanda har mahaifiyarsa sai da ta leƙo. Ranar 7 ga wata LeBron James ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, tarihin da ya tsaya tun 1984 ba wanda ya taɓa shi. Abba ya shigo da waya yana tsalle, wai magana ta ƙare, an san sarki. Na ce masa zauna. Na ce shi Kareem sai da ya yi shekara huɗu a jami'a kafin ya shiga gasar, shi kuwa naka yana gama sakandare ya faɗa. Sannan lokacin da Kareem ya fara a 1969 babu layin maki uku, sai 1979 aka shata shi, kuma a duk shekara ashirin da ya yi yana wasa sau ɗaya tak ya ci daga bayan layin nan. Kambun gwarzon shekara kuwa shida gare shi, naka huɗu. Abba ya ce, "Baba, ai shi LeBron a wasa 1,410 ya ci abin da Kareem ya ci a wasa 1,560." Na rasa ta cewa, sai na koma kan alƙalan wasa, na ce ai yanzu ko iska ce ta taɓa ɗan wasa sai a busa. Ya yi dariya ya nuna mini wasan Lakers da Boston na ƙarshen watan Janairu, inda Jayson Tatum ya daki hannun LeBron a daƙiƙar ƙarshe ba a busa ba, har Patrick Beverley ya karɓo kyamarar wani mai hoto ya kai wa alƙali ya gani, aka ƙara masa da hukunci. Daga baya alƙalan da bakinsu suka amsa sun yi kuskure. Na ce to ka gani, ai a 2007 ma an kama wani alƙalinsu Tim Donaghy yana caca a kan wasannin da yake hurawa, aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 15. Na rufe da cewa lissafi ba ya faɗin gaskiya sai mai riƙe da alƙalami ya zama mai gaskiya. Wallahi da bakina na faɗa, ina jin kaina wani malami.

Bayan ƙaramar Sallah, cikin watan Mayu, wani malamin wasanni ya haɗa wasan sada zumunta tsakanin yaran Karaye da na Rogo. Filin na wata makaranta ne, siminti duk ya farfashe, layukan an ja su da farin fenti tun shekarun baya, sai da aka bi wasu wuraren da alli. Yaran Rogo suka zo cikin wata tsohuwar bas. Da aka nemi mai rubuta maki sai malamin ya ce, "Ga marubuci guda a zaune, wa za mu nema kuma?" Aka ajiye mini benci da teburi daidai gefen fili, aka ba ni littafi mai layi ɗan makaranta. Wani ɗan kasuwa ya sa kyautar takalmin wasa da naira dubu biyar ga gwarzon ɗan wasa.

Cikin 'yan Rogo akwai wani yaro da suke kira Dogo, siriri kamar karan rake irin na garinsu. An ce a Samaru ta Zariya ya koyi wasan, wajen kawunsa, kuma duk wanda ya san harkar ya san Zariya ba wajen wasa ba ce, a can Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci Toronto ta ci kofin NBA a 2019. Yaron nan ba ya neman kwando. Tsayawa yake a ƙarƙashinsa kamar mai gadin rumbu, duk ƙwallon da namu suka ɗaga sai ya kaɗe ta, duk wadda ta daki allo ta dawo a hannunsa take sauka, ya miƙa wa ɗan'uwansa ya ci. Ina kallonsa ina tuna hoton bangon mujallar nan. To amma littafina ba shi da gurbin rubuta kaɗewa ko cafewa, gurbin maki kawai na shata, kuma a gaban sunansa maki takwas ne kacal.

Saura kamar rabin minti, Rogo 46, Karaye 44. Aka jefo wa Abba ƙwallo a kusurwar da nake zaune, tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Ya ɗaga, ya saki, ta shiga. Fili ya ɗauki ihu. Ni kuwa idona ba a kwando yake ba, a ƙasa yake, kuma na ga yatsun ƙafarsa ta dama a kan allin nan ɗaram. Dokar wasan ba ta da kwana a nan: wanda ya taka layi maki biyu gare shi. Ke nan 46 da 46, sai a ƙara lokaci.

Malamin da ke hurawa yana can ɗaya ɓangaren, jikin yara ya tare shi. Ya ɗaga hannu rabi, ya sauke, ya juyo ya dube ni. "Malam, uku ne?"

Na sha gaya wa kaina cewa aikin mai rubutu shi ne ya rubuta abin da alƙali ya nuna, kuma haka dokar take. Amma alƙali bai nuna komai ba, tambayata ya yi. Na gyaɗa kai. Na sa biro na rubuta 3.

Aka tashi 47 da 46. Da aka zo batun gwarzo malamin ya sake matsowa, ya yi ƙasa da murya ya ce shi fa a ganinsa yaron Rogo ne, amma me na gani? Ni da na haddace labarin Hakeem tun ina ɗan shekara goma sha biyar, ni da na cika wa ɗana kunne da cewa maki ba shi ne gwaninta ba, sai na buɗe littafi na ce, "Malam, kada mu jawo surutu, mu bi abin da ke rubuce." Abba yana da 19. Aka kira shi, aka tafa.

A nan bari in ɗan ratse, don abin ya taɓa sana'armu. Mu da aka laƙaba wa adabin kasuwa mun fi kowa sanin wannan musu. Shekara da shekaru malaman jami'a suna cewa yawan kwafin da aka sayar a Bata ba shi ne adabi ba, mu kuma muna cewa ai mai karatu shi ne alƙali. Da aka fara gasar tunawa da Injiniya Bashir Karaye a 2007, 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya, na ji daɗi ƙwarai da sunan garinmu ya shiga tarihin rubutun Hausa, ko da yake ban shiga ba. Wata 'yar gasa daban na taɓa shiga, ban ci ba, na yi wata guda ina yawo ina cewa alƙalan sun duba fuska. Ban da hujja ko ɗaya. Ban taɓa zama a kujerarsu ba sai ran nan a kan benci, kuma zaman awa ɗaya da rabi ya ishe ni in duba fuska.

Kafin bas ɗinsu ta tashi Dogo ya zo har teburina ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce yayarsa tana da littattafaina uku, ta ce idan ya gan ni ya gaishe ni. Na ce madalla, Allah ya yi albarka, ka yi wasa mai kyau. Ya ce, "Na gode, Baba." Bai ƙara komai ba. Da ma ya yi mini rashin kunya, da na sami abin riƙewa.

Da daddare ina tsakar gida Abba ya fito da kwalin takalmin ya ajiye a gabana. Ya ce ba zai shige shi ba, lamba 46 ne, shi kuwa 42 yake sawa. Ashe da ɗan kasuwan ya tambayi malamin wace lamba zai sayo, ce masa ya yi ya sayo babba, 'yan ƙwallon kwando ƙafa gare su. Na ce to a kai kasuwa a canzo. Ya yi shiru, yana murza bakin tabarma. Can ya ce, "Baba, na fa taka layi."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ai kai ma kana kallon ƙafata."

Ban iya ce masa komai ba. Mahaifiyarsa ta ɗauke kwanon tuwo ta shige ɗaki.

Sai da na yi kusan wata biyu ina jan ƙafa. Damina ta sauka sosai sannan ran nan muka hau babur ni da shi muka nufi Rogo, kwalin yana ɗaure cikin leda a bayansa. Neman gidan bai yi wuya ba, da muka ce dogon yaron nan mai ƙwallo sai wani ɗan acaɓa ya yi mana jagora. Muka tarar ya koma Zariya tun bayan Babbar Sallah. Mahaifinsa, wani dattijo manomi, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, na yi masa bayani tun daga farko, yana saurare yana gyaɗa kai, amma na lura bai gane bambancin maki biyu da uku ba, kuma bai ga abin da zai sa mutum ya ƙona mai tun daga Karaye a kan haka ba. Ya karɓi takalmin ya yi godiya, ya ce za a ba direban da ke zuwa Samaru. Dubu biyar ɗin kuwa Abba ya riga ya kashe rabi a kan data, na cika daga aljihuna. Dattijon ya sa aka ɗauro mana mazarƙwaila.

Malamin wasanni na same shi daga baya na gaya masa. Ya yi dariya ya ce wasan sada zumunta ne, wa zai tuna? Ya ce in bar littafin a wajena.

Yana nan cikin akwatin da nake ajiye rubuce-rubucena na hannu. Na soke 3 ɗin na rubuta 2 a samansa, na mayar da 19 ta Abba 18. Jimillar ƙasa ma na gyara, 46 da 46, na ja layi a ƙarƙashi. Abba ya ce idan Dogo ya zo hutu za su nemi malamin a buga minti biyar ɗin da suka rage, amma ya ce wani za a nema ya riƙe littafi.